Wai akwai abin da ake shafa wa farantin sola ya ƙara wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Zariya, da faranti biyu a kan rufi. Na ga bidiyon wani sabon faranti mai suna perovskite, wai wani abu ake shafa masa ya fi namu ba da wuta. Gaskiya ne? Ko in dakata da sayen na uku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai shafawar aikin masana'anta ce da ɗakin gwaji, ba ta gida ba.

Perovskite haɗi ne na dalma da aidin da wasu sinadarai, wanda ake shimfiɗawa a kan gilashi siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na silin gashi ba. Lokacin da Tsutomu Miyasaka ya fara gwada shi a Japan a 2009, kashi 3.8 cikin 100 kawai na hasken rana yake mayarwa lantarki. Yau a ɗakin gwaji ya haura kashi 26.

To ina shafawar ta shigo? Idan haɗin ya bushe, yakan daskare ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar na gishiri. A can ciki komai a jere yake, amma a fuskarsa akwai gurabe inda aidin ya fice ya bar dalma a fili. Lantarkin da hasken rana ya tayar, kafin ya kai ga wayar wutar da ke fitar da shi daga farantin, sai ya faɗa waɗannan gurabe ya koma zafi. Kamar randa ce mai tsaga, kana zubawa tana yoyo. Shi ne masana suke ɗora wani sinadari sama-sama ya toshe guraben. A 2019 masu bincike a Beijing sun yi amfani da wani gishiri mai suna PEAI suka kai kashi 23.3. Wasu irin waɗannan sinadarai har danshi suke tarewa, kuma ni wannan ya fi burge ni, domin danshi da zafi su ne ajalin perovskite.

Nan ne gizo ke saƙar. Farantin silikon irin naka yakan zo da garantin shekara 25, shi kuwa wannan har yanzu ana fama da shi ya jure. Ka tuna yadda rufin kwano ke ɗaukar zafi a watan Afrilu. Kamfanin Oxford PV ya fara sayar da farantin da aka ɗora perovskite a kan silikon a 2024, amma ga wani kamfani a Amurka, ba masu shaguna ba.

Don haka ka sayi na ukun, Malam. Duk wanda ya kawo maka ruwa a kwalba ya ce na ƙara wa faranti wuta ne, kada ka ba shi ko sisi. Idan hunturu ya shigo, ka riƙa wanke ƙura da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.