Idon jemage da maganin dundumi: amsoshin likita

Tambaya: Likita, da gaske ne jemage makaho ne, kuma yana bambance launi? Daga wani ɗalibi a Gwadabawa.

Amsa: Ba makaho ba ne. A cikin tantanin da ke can bayan ido akwai ƙwayoyi iri biyu, masu siffar sanda da ke aiki cikin duhu, da masu tsini da ke gane launi, kuma jemage yana da duka biyun. A 2009 masana a Cibiyar Max Planck ta Jamus sun gano cewa masu tsinin sun kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a idon wasu jemagun Kudancin Amurka, har wasunsu suna kama hasken da idon mutum ba ya gani.

Tambaya: Ɗana mai shekara 5 yana tuntuɓe da zarar almuru ta yi. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga masa jinin jemage a ido, tunda jemage yana gani da dare. Daga wata uwa a Wamakko.

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada ki yi! Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ganin jemage a ƙwayoyin idonsa yake, ba a jininsa ba. Abin da jinin zai iya kawowa shi ne ƙwayoyin cuta, sannan ido ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi gyambo.

Abin da kika siffanta ya yi kama da dundumi. Ƙwayoyin nan masu siffar sanda suna buƙatar bitamin A kafin su kama ɗan hasken magariba, shi ya sa yaron da ya rasa shi, musamman bayan ƙyanda ko zawo mai tsawo, yakan zauna wuri guda yana laluben kwanon tuwo da hannu. Ki kai shi asibiti cikin wannan mako, ko sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin akwai dundumin gado wanda abinci ba ya gyarawa, kuma sai an duba ake rarrabewa. Ki riƙa ba shi hanta, manja, zogale, karas da mangwaro. Idan farin idon ya bushe, ko baƙin ya fara dusashewa, kada ki bari ya kwana a gida, ki kai shi ranar.