Hukuncin rubuta sunan kawu a inshorar motar da ni zan riƙa tuƙawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekarata 21, ina karatu a Birmingham ta Ingila, ina kuma taɓa aiki da yamma. Bara na ci jarrabawar tuƙi, yanzu na tara kuɗi zan sayi Golf R ta hannu. Da na nemi inshora da sunana, sai aka yanka mini fam 6,000 a shekara. Kawuna da nake zaune a gidansa ya ce a rubuta shi ne babban direba, ni na biyu, kuɗin zai sauko ƙasa da rabi. Shi yana da tasa motar, wannan ni zan riƙa hawa kullum. Wani abokina ya ce ba komai, tunda inshorar dama haramun ce aka tilasta mana, kuma Hanafawa sun halatta cin dukiyar wanda ba Musulmi ba a ƙasarsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka sa hannu a takarda.

Kai da bakinka ka ba da amsar, inda ka ce kai za ka riƙa hawa kullum. Da kawunka ne zai fi tuƙa motar, kai kana ara jifa-jifa, da babu laifi. Tunda ba haka ba ne, rubuta shi a matsayin babban direba ƙarya ce da aka ƙulla don a rage kuɗi, kuma haramun ce a kanka da shi baki ɗaya.

Asalin inshorar ba zan ja ta da nisa ba. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas a ciniki, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Sai dai dokar Ingila ta 1988 ta hana hawa titi ba tare da inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna ba, don haka wanda yake buƙatar mota kuma bai sami takaful ba yana da uzuri. A can sau da yawa cikakkiyar inshora takan fi ƙaramar araha. In ka tarar da haka, ɗauki mai arahar.

Maganar abokinka ce nake so mu zauna a kanta, domin tana yawo a bakin samari, kuma rabinta kawai suka haddace. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bin Hasan cewa Musulmi a ƙasar yaƙi zai iya karɓar dukiyar mutanenta ta cinikin da bai inganta ba a ƙasar Musulunci. To amma babban almajirinsa Abu Yusuf ya saɓa masa, haka Malik da Shafi'i da Ahmad. Hadisin da aka jingina maganar da shi mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya jingina shi ga Annabi ba tare da ambaton sahabi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Mu ma ƙaddara ra'ayin ya inganta. Sharaɗin da Hanafawa da kansu suka gindaya shi ne a karɓi dukiyar da yardar mai ita, ba tare da yaudara ba. Ina yarda a nan? Kamfanin ya tambaye ka ƙarara wa zai fi tuƙa motar, a kan amsarka ya yanke farashi. Ka ba shi sunan dattijo, ya yarda da abin da ba shi ne a ƙasa ba. Wannan ita ce yaudarar da su Hanafawan suka haramta wa duk wanda ya shiga ƙasa da aminci, kai kuwa biza ce ta shigar da kai, kuma biza alkawari ce.

Dubi Mugira bin Shu'uba, Allah ya yarda da shi. Ya yi tafiya da wasu mutane a jahiliyya, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncinsa, ya ce babu ruwansa da dukiyar. Bukhari ne ya ruwaito. Masu dukiyar mushrikai ne, amma an same ta ta hanyar cin amana. Cewa kuma an tilasta maka, ai sayen inshora aka tilasta maka, babu wanda ya tilasta maka ƙarya. Sannan ba aljihun kamfani kaɗai kake taɓawa ba: asarar irin wannan a kan sauran masu biya ake watsa ta, cikinsu har da direban tasi Musulmi da kuke sahu ɗaya ranar Juma'a.

Ka kuma hango ranar da ba a fata. An yi karo a shataletale da safe kana hanyar makaranta, jami'in kamfani ya zo yana tambaya: wa ya sayi motar, ina take kwana, me ya sa kawu yake da wata motar da yake zuwa aiki da ita? Nan take za su soke inshorar, su ƙi gyara motarka, kuma abin da suka biya wanda aka buge suna iya bin ku shi. Dokarsu zamba take kiran wannan. Wanda aka kama yana tuƙi babu inshora makin laifi 6 ake rubuta masa a lasisi, kuma sabon direba da ya tara 6 cikin shekara biyun farko lasisinsa ya tafi. Mutumin da ya ba ka ɗaki da abinci, kada ka ja masa wannan, ko da shi ya kawo shawarar. Ka faɗa masa cikin ladabi cewa ka yi tambaya an ce bai halatta ba. In da gaske zai riƙa tuƙa ta wani lokaci, ka sa shi direba na biyu, kai na farko. Wannan gaskiya ce, kuma takan rage kuɗi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Larura gwargwadonta ake ɗauka. Uzurinka na buƙatar mota ne, ba na buƙatar wannan motar ba. Kamfanonin inshora suna jera motoci rukuni-rukuni, mai ƙarfin inji tana can sama, shi ya sa aka tsuga maka kuɗi. Zuba fam 6,000 duk shekara a cinikin da don dole aka yi maka rangwame a kansa, kana ɗalibi, ina jin tsoron ya shiga almubazzaranci. Iyakar gudu a manyan hanyoyinsu mil 70 ne a awa, ƙaramar mota ma tana kaiwa nan. Sauran ƙarfin a ina za ka gwada shi? Na san zuciyar saurayi in ya ji ƙarar inji ga abokai a baya. In rai ya salwanta ta tuƙin ganganci akwai diyya da azumin wata biyu a jere, ban da abin da zai zauna maka a zuci.

Ka nemi mota daga rukunin ƙasa, ka yarda a sa mata na'urar nan mai lura da tuƙi, ka tara shekarun rashin haɗari da sunanka, farashin zai riƙa sauka. Ka biya na shekara gaba ɗaya, domin biyan wata-wata galibi bashi ne da ruwa a kai. Kada ka ba da adireshin da ba nan motar take kwana ba, kada kuma ka ɓoye in an ƙara wa inji ƙarfi. Hukuncinsu ɗaya da na sunan kawu. Ka gaishe mini da shi.

Wallahu a'alam.