Firintar ofis tana ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. A ofishinmu firinta ɗaya ce ta lesa, kwamfutoci bakwai ke amfani da ita: biyar Windows, MacBook ɗaya, ɗaya kuma Ubuntu. Yau ta yi aiki, gobe wasu su ga an rubuta Offline alhali tana kunne. Abin ya fi faruwa bayan an ɗauke wuta an tada janareta. Mu canza ta ne? Daga wata ma'aikaciya a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, kada ku sayi sabuwa tukuna, da alama lafiyarta ƙalau, lambarta ce ke canzawa. Rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna, ita ce ke raba wa kowace na'ura lambar IP (adireshinta a kan sadarwar) ta tsarin DHCP, kuma aro take bayarwa. Idan wuta ta dawo aka sake rabo, firinta na iya samun wata lamba, kwamfutoci kuwa suna ta aika aiki zuwa tsohuwar. Wani lokaci ma firinta takan riga rauta farkawa, ta nemi lamba ba ta samu ba, sai ta ba kanta wadda ta fara da 169.254, wadda sauran kwamfutocin ba za su iya kaiwa gare ta ba.

Ki shiga menu na firinta ki fitar da takardar bayanin sadarwarta, za ki ga lambar IP da ta MAC (lambar shaida da aka ƙera firintar da ita, ba kwamfutar Mac ba). Sai a ba ta lamba ta dindindin. Ko dai a shiga rauta a ɗaure lambar da MAC ɗin a ƙarƙashin DHCP Reservation, ko a rubuta ta a jikin firinta, amma a zaɓi wadda ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa. Idan tana rabawa daga 192.168.1.100 zuwa 200, a ba firinta 192.168.1.20.

A Windows, ki buɗe Printer properties, ki shiga Ports. Idan wanda aka zaɓa ya fara da WSD, to Windows ce ta lalubo firintar da kanta, kuma wannan haɗin yakan tsinke. Ki danna Add Port, ki zaɓi Standard TCP/IP Port, ki saka sabuwar lambar. A Configure Port ki tabbatar Raw ne da 9100, sannan ki cire alamar SNMP Status Enabled. Da ita Windows ke tambayar firinta halin da take ciki. In ba ta amsa ba, misali tana barci, sai a rubuta Offline. A Mac a ƙara ta ta shafin IP da tsarin IPP. A Ubuntu a buɗe localhost:631 a burawuza, a saka ipp://192.168.1.20/ipp/print.

Abin da ban goyi baya ba ko kaɗan shi ne a raba firinta ta kwamfutar mutum ɗaya. Da ya kashe ta ya tafi salla, aikin kowa ya tsaya, kuma tun gyaran tsaron da Microsoft ya fitar a 2021 wannan hanya ke yawan kawo kuskuren 0x0000011b. Kowace kwamfuta ta yi magana da firinta kai tsaye. In tana da ramin Ethernet, a ja mata waya a bar Wi-Fi. A ɗora rauta a kan UPS, amma ban da firintar lesa, domin abin da ke gasa tona (garin tawada) a kan takarda yana jan wuta fiye da ƙarfin ƙaramin UPS.

Tambaya: Aiki ya maƙale a layi ya ƙi goguwa, wani lokaci kuma firinta ta yi ta fitar da shafuka cike da alamomi marasa ma'ana. Daga wani mai shagon buga takardu a Gusau.

Amsa: Malam, ka buɗe services.msc ka tsayar da Print Spooler, wato abin da ke riƙe layin ayyukan bugawa, ka goge duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake tada shi. Alamomin kuwa yawanci direba ce, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita, ba daidai ba: an tura harshen PostScript ga firintar da harshen PCL kaɗai take ganewa. Ka kashe firinta, ka share layin kafin ka kunna ta, in ba haka ba za ta ci gaba da cin takarda. Sannan ka sauke direbar ainihin samfurinta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.