Me Mai Gyaran Magana Yake Yi wa Mai Gigin Tsufa?

Ƙanena, tambayarka ta iso ni. Ka ce an kawo wani dattijo sashenku bayan an yi masa aikin karayar ƙugu, likita ya rubuta cewa yana da cutar mantuwa, wato gigin tsufa, ka yi masa gwajin auna ƙwaƙwalwa na MMSE ya ci 11 cikin 30, kuma abin da ka koya masa jiya yau babu shi. Shi ne kake cewa, tunda cutar ba ta warkewa, me ya kai mu, masu gyaran magana, bakin gadonsa?

Fara ajiye makin nan a gefe. A Amurka aka tsara gwajin a 1975, kuma da ɗan boko ya dace: a ce ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwafi zane da alƙalami. Dattijon da karatun allo ya yi, wanda yake ƙirga shekara da watan Azumi da Babbar Salla, zai iya faɗuwa alhali hankalinsa garas. Shi ya sa masu bincike a Ibadan suka fito da gwajin tsinken ashana huɗu: ka jera su a wata siffa, ya kwaikwaya. Kana kuma iya cewa ya lissafo maka dabbobin da ya sani cikin minti ɗaya, da harshensa.

Kafin ma gwaji, yana jinka? Ina tabaransa, ina haƙoran robansa? Tsofaffi da yawa ana ce musu sun ruɗe, alhali kunne ne ya yi nauyi. Sannan ka tambayi masu jinyarsa yaushe abin ya fara. In suka ce makon jiya ras yake, bayan tiyata ya soma sambatu, da safe ya dawo daidai da dare ya rikice, to wannan gigita ce ta farat ɗaya. Ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani na iya jawo ta, kuma tana jin magani, don haka ka sanar da likita nan take. In magana ce ta ɗauke rana ɗaya, ka yi zargin shanyewar ɓarin jiki. Ita kuwa cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar mantuwa, sannu a hankali take shigowa. Sunayen abubuwa ne ke fara ɓace masa, ka ji yana ta "miƙo min wannan abin, abin nan dai", amma gaisuwa da Fatiha suna nan daram.

Wannan da ya rage shi ne jarinmu. Abin da jiki ya saba ta hanyar maimaici yana daɗewa fiye da tuna abin da ya faru jiya, kuma ta wannan ƙofar muke shiga. Zaɓi abu guda da zai tsare shi daga sake faɗuwa. Ka ce, "Baba, kafin ka tashi me za ka yi?" Ka ba shi amsar da bakinka: "In kira mai jinya." Ya maimaita. Sake tambaya bayan daƙiƙa talatin, sai minti ɗaya, biyu, huɗu, takwas, kuna hira a tsakani. Da ya kuskure, ka faɗa masa daidai nan take, ka koma tazarar da ya ci a baya. Kada ka bar shi yana lalube, domin kuskuren ma zama yake yi a ka. Wataƙila gobe ba zai shaida fuskarka ba, amma amsar ta fito.

Haɗa masa ɗan littafin tuni, irin wanda masaniyar gyaran magana Michelle Bourgeois ta gwada a Amurka: kowane shafi hoto ɗaya da gajeriyar jimla da manyan baƙaƙe. In ajami yake karantawa, da ajami za a rubuta. In Bafulatani ne ko Babarbare, kada ka yi mamaki in Hausar da ya yi shekaru yana ciniki da ita ta fara gudu ya koma harshen da aka yi masa reno da shi. Nemo wanda yake ji.

Rabin aikin kuma a kan iyali yake. Babu abin da ke sosa min rai kamar in ga ’ya’ya sun zagaye uba suna "Baba, ka gane ni? To wane ne ni?" Da ƙauna suke yi, amma jarrabawa ce yake faɗi a gaban jikokinsa, daga nan sai ya ɗinke baki. Koya musu su ce, "Baba, ni ce autarka, na kawo maka kunu." A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, a fuskance shi, a ba shi zaɓi biyu kacal, shayi ko koko, sannan a yi shiru a jira amsa ko da ta ɗauki lokaci.

Ba ka ambaci cin abincinsa ba, kuma can ne haɗarin rai yake. Ka je lokacin abincin rana ka zauna ka kalla. Yana tara loma a kumatu? Yana tari bayan kurɓar ruwa? Muryarsa na yin kamar da ruwa a maƙoshi? Wasu ma ba sa tari, abin ya zarce huhu shiru, sai zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana daga baya. A zaunar da shi sosai, ba a kishingiɗe ba, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama, a wanke masa baki safe da dare. Dambu da gyaɗa da fura mai gudaji a cikin nono tsululu suna da wuyar sarrafawa; tuwo mai laushi da fate da kunu mai kauri sun fi sauƙi. Amma kada ka ƙara wa kowa kaurin abin sha ba tare da ka auna ba, domin da yawa sai su ƙi sha, jiki ya bushe. In cutar ta yi nisa iyali suka kawo zancen robar abinci, wadda ake zurawa ta hanci ko ta ciki, bincike bai nuna tana ƙara wa irin waɗannan kwana ko hana ciwon huhu ba. Ka faɗa musu haka a gaban likita, ka nuna musu yadda ake ba shi da cokali a tsanake.

A fayil ɗinsa kuma ka rubuta abin da za a iya gani: sau nawa ya kira mai jinya kafin ya tashi, sau nawa ya ƙware a kwano ɗaya, hirar minti nawa ya yi da littafin a hannunsa. Bayan mako biyu ka turo min mu duba tare.