Na mayar da motar kaya ɗakin kwana, yaya zan yi mata rajista a wata ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina zaune a Ingila, yanzu aiki ya mayar da ni Jamus. Ina da Ford Transit da na saya shekara biyu da suka wuce a matsayin motar kaya, na gyara ta da hannuna: na sa gado, murhun gas, tankin ruwa da sola, na yanka tagogi biyu, na kuma ƙara kujerar mutum biyu a baya saboda yarana. Takardarta har yanzu motar kaya take nunawa. Wani ejan ya ce kada in ta da maganar gyaran, in shigar da ita yadda takarda ta nuna, zai samo mini CoC, wato takardar shaidar kamfanin da ya ƙera motar, a gama rajista cikin mako guda. Hankalina bai kwanta ba. Duk abin da na tara yana jikin motar nan, ina tsoron a ƙwace ta ko a hana ta lamba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam, ba a ƙwace mota don mai ita ya sa mata gado. Abin da zai jefa ka cikin wahala shi ne shawarar ejan ɗin nan, kuma a kanta zan fi tsayawa. Amma bari mu fara sallamar kwastan, don nan ne ka fi sa'a.

Tun 1 ga Janairun 2021 motar da ta fito daga Ingila baƙuwa ce a Tarayyar Turai. A ƙa'ida akwai kuɗin fito, wanda ga motar kwana kashi 10 ne cikin ɗari, sannan harajin shigo da kaya na Jamus kashi 19 a kai. Kada wani ya ruɗe ka da cewa yarjejeniyar cinikin Ingila da Turai ta yafe fito. Yafiyar ta kayan da asalinsu na Ingila ne, ita kuwa Transit ta zamanin nan a Kocaeli ta Turkiyya ake haɗa ta, masana'antar Southampton ta rufe tun 2013. Ƙofarka ita ce ta mai ƙaura da kayansa. Idan ka zauna a wajen Tarayyar aƙalla wata 12 a jere, kuma motar ta kai wata 6 a hannunka kana amfani da ita, za ka cike fom mai lamba 0350 ka shigar da ita ba fito ba haraji. Sharaɗin shi ne ba sayarwa, ba haya, ba aro har wata 12. Ka karɓi takardar sallama daga kwastan ka adana, ofishin rajista zai nema. Ka kuma sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ingila, cewa motar ta bar ƙasar ke nan.

Yanzu ga maganar CoC. Kusan kullum sai an zo mini da ita, har na gaji da maimaitawa. Mutane sun ɗauka takarda ce da ke bin lambar shasi har abada, duk abin da aka yi wa motar. Ba haka ba ne. CoC shaida ce daga kamfanin da ya ƙera mota cewa ranar da ta fito daga masana'anta ta yi daidai da samfurin da hukuma ta amince da shi: nauyi kaza, kujeru kaza, rukuni kaza. Taka ta fito a rukunin N1, na motocin kaya, da kujerun gaba kaɗai. Wadda ke ƙofar gidanka yau tana da wurin kwana, wurin girki, ma'ajiyar kaya da ƙarin kujeru, in ka haɗa da teburi ta cika siffar motar kwana, wadda dokar Turai ta sa a rukunin M1. Ejan zai iya samo maka CoC na gaske, ba jabu ba, amma bayanin wata mota yake yi, wadda ka riga ka rushe da abin yanka ƙarfe.

Abin da ke ruɗa masu zuwa daga Ingila shi ne can ba a cika tsananta wa mai gyara motarsa bayan rajista ba. Ka yi gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na Ingila, ka gaya wa kamfanin inshora, ka ci gaba da tafiyarka. Jamus ba ta san wannan ba. Sashe na 19 na dokarsu ta amincewa da motoci, StVZO, ya ce izinin hawa titi yana faɗuwa idan gyara ya sauya rukunin mota, ko ya zama haɗari ga mutane, ko ya ƙara hayaƙi da ƙara. Wato ko da ejan ya yi dabararsa lamba ta fito, kana tuƙa motar da izininta ya mutu tun ran da aka ba ta shi. Kuma ta ina dabarar za ta bi? Dole motar ta je gaban injiniya kafin rajista. Zai buɗe ƙofar gefe ya ga gado da tukunyar gas. Wasu ejan ɗin cewa suke yi a kwance komai, a je a wuce gwaji, a dawo a mayar. Tagogin da ka yanka fa, su ma kwance su za a yi? Ramin ƙarya ƙurarre ne, bayan shekara biyu kuma gwaji na gaba yana jiranka, shi ejan ya daɗe da cin kuɗinsa ya canza lambar waya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar inshora. Kamfani ya ba ka kariya a kan motar kaya mai kujerun gaba. Allah Ya kiyaye, aka yi haɗari, yara biyu suna zaune a kujerar da babu ita a takarda. Mai binciken kamfani ba sai ya wahala ba, ƙirga kujeru kawai zai yi. Daga nan sai jayayya a kan biyan diyya, a lokacin da kake tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda.

Kujerar nan ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Na sha leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci in tarar da kujera ɗaure da noti huɗu a jikin katakon daɓe, ko a jikin siririn ƙarfen bodi ba tare da farantin ƙarfafawa ba. In ka girgiza ta da hannu ba ta motsi, mai ita yana murmushi. To gwajin da ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 ta tanada wa maɗaurin bel yana jan kowane reshe na bel ɗin da ƙarfin da ya haura tan guda. Katako ba ya riƙe wannan, waldar da aka yi a gida ba ta riƙe shi. In kujerarka ba ta zo da takardar gwaji da ta dace da wannan samfurin mota ba, injiniya ba zai rubuta ta a matsayin wurin zama lokacin tafiya ba, kuma gaskiyarsa. Da ni ne kai, yaran ba za su sake hawa kanta ba daga yau, ko a Ingila ko a Jamus, sai an sauya ta da mai takarda, wadda ƙwararru suka ɗaura.

Hanyar gaskiya ita ce gwajin mota ɗaya tilo a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar StVZO, wanda masu gwajin motoci irin su TÜV ko DEKRA ke yi. Kada ka jira sai ka iso. Rubuta wa tashar gwajin garin da za ka zauna tun kana Ingila, ka tura hotuna da jerin abin da ka sauya, ka tambayi injiniyan abin da yake son gani. A nan CoC yake da amfani, don yana ba shi bayanin injin da hayaƙi na asali. Sitiyarin dama ba ya hana rajista a Jamus. Fitilun gaba ne za a sauya ko a juya haskensu, fitilar hazo ta baya ta koma hagu ko tsakiya, agogon gudu ya nuna kilomita. Gilashin tagogin da ka sa ya kasance da tambarin E, alamar amincewar hukuma, a kusurwarsa, in babu, sayi wasu.

Gas kuma ana bin ma'aunin EN 1949, da gwajin da suke kira G 607 duk shekara biyu. Tukunya tana zama a akwatinta da ba ya shaƙar da ɗaki, ɗaure, da huda a ƙasa, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai barci yake.

Sai nauyi. Kai motar sikeli da tanki cike da mai, da ruwa, da kayan tafiya. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce, ga katako, ga batir, ga mutum huɗu. Mafi yawan irin motarka iyakarsu kilo 3,500 ko ƙasa da haka, kuma nan ne iyakar lasin ɗin tuƙi na rukunin B. Duba farantin da ke jikin ƙofa ka ga naka adadin, da na kowane gatari, wato tayoyin gaba da na baya.

Ba zan ce tsarin nan yana da daɗi ba. Ofisoshi ne biye da juna, kwastan, tashar gwaji, kamfanin inshora da zai ba ka lambar eVB mai shaida cewa motar tana da inshora, sannan ofishin rajista, kowanne yana son takardar wanda ka baro, wani lokaci samun ranar ganawa kaɗai ya ci makonni. Injiniyoyi biyu ma sukan saɓa a kan murhu ɗaya, shi ya sa na ce ka kama guda tun farko ka riƙe amsarsa a rubuce. Kuma kada ka ce za ka ci gaba da yawo da lambar Ingila kafin komai ya daidaita. Sassaucin da ake yi wa lambar waje na baƙi masu wucewa ne, kai kuwa da zarar ka yi rajistar zama, motar ta zama 'yar gida, ana son lambarta ba da ɓata lokaci ba. Tattara rasiɗan duk abin da ka saya na gyaran, da V5C, wato takardar rajistar motar ta Ingila, da shaidar zamanka a Ingila, ka sa su a jaka ɗaya da ba za ta shiga cikin kayan da za a ɗaure ba.