Injin wankin ƙoda ne ke shanye wa maigidana jini?

Tambaya: Likita, maigidana ya daɗe yana fama da hawan jini, yanzu ƙodarsa ta gaza har an fara yi masa wankin ƙoda. Duk ranar wanki a galabaice yake dawowa gida, ba ya cin abinci, jikinsa na ƙaiƙayi, ga saurin fushi da ba mu san shi da shi ba. Danginsa sun ce injin ne ke shanye masa jini, a dakatar a koma maganin gargajiya. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma Malama ya ba ki ladan jinya. Ina roƙonki kada a dakatar da wankin, domin wanda ƙodarsa ta kai wannan matsayi, idan aka bar shi haka, ruwa da guba sukan taru har su danne huhu da zuciya cikin kwanaki ko ƴan makonni, kuma babu saiwa ko sassaƙen da zai fitar da su. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙodar suke yi.

Galabaitar da dangi suka gani gaskiya ce, sanadinta ne ba su gane ba. Lafiyayyar ƙoda dare da rana take aiki, tana tace kusan lita 180 na ruwan jini kullum, shi kuwa inji cikin awa 4 ake so ya kwashe abin da ya taru a kwana 2 ko 3. Idan aka zare lita 3 ko 4 na ruwa daga jikin mutum cikin wannan ɗan lokaci, awon hawan jininsa yakan yi ƙasa, jiri ya ɗebe shi, naman ƙafa ya ɗaure. Ke nan wahalar ranar wanki tun daga gida take farawa, daga yawan ruwan da ya tara. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ya sha daidai yawan fitsarinsa na jiya, a ƙara rabin lita, kuma koko da fura da shayi da miya duk suna cikin lissafin. Na san a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Damagaram, faɗar wannan ta fi aikata shi sauƙi. Ki auna masa rabonsa a gora ɗaya tun da safe, ya riƙa kurɓa da ƙaramin kofin shayi, ko ya tsotsi gutsuren ƙanƙara. Gishiri da dunƙulen Maggi da kanwa da kilishi su ke tayar da ƙishirwar, don haka a tukunyarki za a fara ragewa.

Batun jini kuwa, ɗan kaɗan yakan maƙale a bututun inji, amma babban dalilin ƙarancin jini shi ne ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi sabon jini, kuma inji ba ya yin wannan aikin. Ana cike giɓin da allurar wannan sinadarin, mai suna EPO, da maganin ƙarfe na ƙarin jini, sai ku nemi a duba jininsa.

Ƙaiƙayi sau da yawa yana da alaƙa da bushewar fata da taruwar sinadarin fosfat, wanda ke da yawa a nono da madara da baƙin lemon kwalba. Idan an ba shi ƙwayar rage shi, tare da abinci ake shan ta, man kaɗe kuma yana taimaka wa fata. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sinadarin fotasiyam na dabino da ayaba da tumatir da dankali, saboda idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Duk da haka kada tsoro ya sa a bar shi da yunwa, mai wankin ƙoda yana buƙatar ƙwai da nama da kifi. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake talla a tire, a nisanta shi da su.

Fushin nan ma ciwo ne, kada ki ɗauke shi a matsayin canjin hali. Magidancin da ya saba fita nema, yau kwanakinsa sun koma hannun inji, kuɗi na fita, barci ya ƙi, wani lokaci har ƙarfinsa na aure ya ragu yana jin nauyin faɗa, dole zuciyarsa ta ƙuntata. Ciwon damuwa ya yawaita ga masu wankin ƙoda, kuma yana da magani. A zuwa na gaba ki raka shi, ki zo da babban wansa ko wanda dangi ke jin maganarsa, ku faɗa wa likita duk alamomin nan, ku kuma nemi a sake duba nauyin jikin da ake so ya koma bayan wanki, domin idan ruwan da ake zarewa ya yi yawa ana iya gyarawa.