Amsa: Kirsimeti ga mai zama ita kaɗai

'Yar'uwa, kin tambaya ko mai zama ita kaɗai, 'yan gida duk suna nesa, za ta iya samun murnar Kirsimeti ta gaskiya. E, ƙwarai kuwa. Buɗe Luka sura 2 ki duba Hannatu, gwauruwa mai shekara 84 wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Ba a ambaci kowa a gefenta ba, amma tana cikin waɗanda suka fara ganin jariri Yesu, ta yi wa Allah godiya, ta kuma yi ta ba da labarinsa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma na gani a kaina: kada ki kulle ƙofa ranar 25 ga Disamba. Ki je sujadar safe ko da zuciyarki ta yi nauyi. In kin dawo, ki dafa shinkafa da miya fiye da cikinki, ki aika wa maƙwabta, har da Musulmi, yadda aka saba a unguwanninmu. Sannan ki tambayi Zumuntar Mata ta cocinku wace tsohuwa ce ba ta da mai leƙa ta, ki kai mata da kanki. Kewar gida za ta zo da yamma, ba laifi ba ne. Ki kira su a waya.